Filin Kwamfuta da Matsalolinta: Windows ne ya hana jirgin tashi ko injin ne?

Assalamu alaikum jama'a. Watan nan kamar haɗin baki, saƙonni sun taru duk a kan abu ɗaya, wato tuƙin jirgin sama a kwamfuta. Ina jin bidiyoyin nan ne da ake turawa a WhatsApp, ka ga mutum zaune a ɗaki da jallabiya yana sauke Boeing, su suka tada wa mutanen Katsina tsimi. Na ɗauko huɗu, sauran ku yi haƙuri, amsarku na ciki in kun karanta da kyau.

TAMBAYA: Salam Malam ya aiki, dan Allah ina da laftof HP EliteBook 840 G3 yar Beljiyam, core i5 ce ram 8, Windows 7 ne akai tun da na siya. Burina a duniya in zama matukin jirgi shine nake so in sa Microsoft Flight Simulator na 2020, na gwada yaki, wani mai gyara yace in kawo dubu biyar ya min fomatin ya dora Windows 11 wai daga nan zata dauka ba matsala. In kai masa? Daga wani dalibi, Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe dubu biyar ɗinka tukuna, ka sayi awara da rabi.

Rabin maganar mai gyaran nan gaskiya ce. Flight Simulator ɗin da ya fito ranar 18 ga Agusta 2020 ba ya hawa Windows 7 ko kusa, Windows 10 mai 64-bit yake nema ko sama da haka. Kuma shi kansa Windows 7 ɗin Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Janairu 2020, Steam ma inda ake sayen yawancin wasannin nan ta rufe masa ƙofa daga 1 ga Janairu 2024. To ka ga dole ka bar shi ko da jirgi ko ba jirgi. Amma inda ya ce "daga nan za ta ɗauka ba matsala", nan ne ya zarce, ko dai bai san abin ba ko kuma dubu biyar ɗin yake hange.

Windows ƙofa ce kawai, in ka sauya shi an buɗe maka ƙofa, amma ba shi zai ɗauki kayan ba. Mai ɗaukar kaya shi ne katin girafik. Mafi ƙarancin abin da masu wasan suka rubuta shi ne furosesa Intel i5-4460 ko Ryzen 3 1200, ram gig 8, wuri a had dis gig 150, sai kati irin GTX 770 ko Radeon RX 570 mai nasa ram ɗin aƙalla gig 2. Taka laftof ɗin ba ta da kati mai zaman kansa, ɗan Intel HD 520 ne da ke manne cikin furosesa yana rancen ram ɗin kwamfuta, an yi shi ne don Word da Excel da kallon bidiyo, ba don zana gajimare da garuruwa ba. Kuma a laftof irin wannan ba a cire shi a sa wani. Ko Windows 20 aka ɗora maka, A Daidaita Sahu ba za ta ja tirela ba don an sake mata fenti.

Kar ka yarda da maganata haka kawai, duba da kanka. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta dxdiag ka danna Enter, shafin farko zai nuna maka furosesa da ram da ko 32-bit ne ko 64-bit, sai ka taɓa inda aka rubuta Display ka ga sunan katin. Minti ɗaya ne. Duk wanda zai sayi kwamfuta ta hannu don wasa ya yi wannan a gaban mai shagon kafin ya zaro kuɗi, don "core i5" da ake ta faɗa ba ta nufin komai sai an san janareshin nawa ce.

Shi kau Windows 11 da ya ce zai sa maka, taka 'yar janareshin ta 6 ce, shi kuma a hukumance daga ta 8 yake farawa. Ana iya tsallake shingen da wata manhaja mai suna Rufus, na sani, rabin masu gyaran garin nan haka suke yi kuma tana tashi ta yi aiki, sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan ofdet ba. In ni ne kai, Windows 10 na ƙarshe wato 22H2 zan sa, duk da shi ma wa'adinsa ya cika 14 ga Oktoba 2025, ya fi 7 nesa ba kusa ba kuma duk direbobin laftof ɗinka akwai su a kansa. Yawancin laftof ɗin ofis irin wannan lasisinsu na cikin allon injin, in taka na da shi da kanta za ta yi rajista da zarar ta ga intanet. Kawai kar ka riƙa shiga asusun banki a kanta barkatai.

Sannan maganar jirgi, daidai ruwa daidai tsaki. Akwai FlightGear, kyauta ne gaba ɗaya tun 1997 ake gina shi, yana hawa Windows da Mac da Linux, in ka rage masa saitin zai tafi. Akwai kuma Flight Simulator X na 2006 wanda aka sake fitarwa a Steam a Disamba 2014, tsoho ne amma agogunan cikin Cessna 172 ɗinsa su ne dai agogunan, mai nuna gudu, mai nuna tsayi, mai nuna ko ka karkace. Abin da za ka koya ke nan, ba kyan gajimare ba. In ka samu ɗan kuɗi ka sa mata SSD, wato had dis na zamani mai sauri, shi ne canjin da za ka ji a jikinka tun daga kunnawa.

TAMBAYA: Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon ma'aikaci ne na yi ritaya, ina da destof da nake tuka Flight Simulator X tun da dadewa, faifai ne dana ya kawo min, Windows 7 32-bit. Duk Juma'a da yamma nakan tashi 747 daga Kano zuwa Jidda. Matsalar ita ce sau da yawa ina dab da sauka sai ya rubuto wai memory ta kare ya rufe. An kara min ram ya zama 8 amma bai daina ba. Yara sun ce a canza Windows, ni kuma tsoro nake kar jiragen da na tara da littafin awoyina su bace. Daga wani dattijo, Daura.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi saƙon nan ya fi kowane faranta min rai, awa huɗu da wani abu a sama duk Juma'a, ai kun fi wasunmu zuwa Jidda. Kuma a nan yaran suna da gaskiya, taku matsalar ita ce irin wadda canza Windows ke magancewa da gaske.

Ga abin da ke faruwa. Windows mai 32-bit ba ya iya ganin ram sama da gig 4, a zahiri ma uku da 'yan kai yake amfani da su, wato ƙarin da aka yi muku yana zaune ne kawai ba a taɓa shi. Na biyu, a irin wannan Windows ɗin kowace manhaja gig 2 ake yanka mata ta yi harkarta a ciki. Shi FSX, wato Flight Simulator X ɗin, tun daga tashi yake tara kaya a wannan ɗan wurin, filin Kano, ƙasar da aka ratsa, gajimare, sauran jirage, kuma ba ya zubar da su yadda ya kamata, to lokacin da aka iso Jidda ya zo loda babban fili sai ya ishe rumbu ya cika, shi ya sa kullum a wajen sauka yake yanke muku. In aka koma Windows mai 64-bit, shi wasan yana nan a 32-bit ɗinsa, amma wurin nasa zai koma gig 4, ninki biyu ke nan, matuƙar an sa masa gyaran nan da ake kira SP2 ko kuma an koma na Steam wanda ya zo da shi a ciki. Ni na Steam ɗin zan ba da shawara, ya fi na faifai zama lafiya a Windows 10.

Sai dai Baba, daga 32 zuwa 64 babu hanyar ɗorawa a kai, dole sai an goge an sa sabo fil, don haka tsoronku yana kan hanya. Kafin kowa ya taɓa komai a nemo had dis na waje ko babban filash a kwashe waɗannan: folda mai suna Flight Simulator X Files da ke cikin Documents, nan ne littafin awoyin yake, sunansa Logbook.BIN, da tafiye-tafiyen da kuka ajiye. Sai cikin foldar wasan kanta a kwafi SimObjects, nan jiragen suke, da Addon Scenery. In an kwafe kar a ce an gama, a cire filash ɗin a soka a wata kwamfutar a buɗe a gani da ido. Jiragen da aka saya masu lambar rajista su kam sai an sake sa su daga tushe, a nemo lambobinsu tun yanzu.

Mafi kwanciyar hankali ma, a sayo sabon SSD ko ɗan gig 256 ne, a zare tsohon had dis ɗin a ajiye a durowa, a sa sabon Windows a kan sabon. In abu ya ƙi, a mayar da tsohon kamar ba a yi komai ba.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni don yaran su ji. Shekarun baya na zauna ɗora Windows 10 a kan destof ɗina da daddare, na ga wuta ta daɗe ba a ɗauke ba na ce yau dai an yi sa'a. UPS ɗina kuwa batirinsa ya daɗe da mutuwa, ina sane, kullum sai in ce gobe. Abu ya kai kashi sittin da wani abu, allon nan shuɗi yana rubuta kar a kashe kwamfuta, na miƙe ke nan in zuba shayi sai ji na yi fanka ta yi shiru, ɗif. UPS ya yi ƙara ɗaya tal ya bi ta. Da aka dawo da wuta kwamfuta ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai dai ta nuno tambari ta mutu ta sake nunowa, haka na kwana ina kallonta. Washegari sai da na ciro had dis ɗin na kai wajen wani abokina muka jona a tasa muka tsamo hotunan suna da takardun aiki. Tun daga ranar ba na fara wannan aikin sai a kan inbata ko janareta mai cikakken mai, kuma da rana.

TAMBAYA: Malam ni nawa injin hadawa nayi, i5-9400F, GTX 1660, ram 16, Windows 10, Flight Simulator 2020 na tafiya lafiya lau. Nazo komawa Windows 11 sai PC Health Check yace wai babu TPM 2.0 da Secure Boot. Sai na canza motherboard kenan? Kuma in na koma 11 gudun wasan zai karu? Daga wani mai shagon POS, Kofar Kaura.

AMSA: A'a ɗan'uwa kar ka sayi komai. Furosesarka 'yar janareshin ta 9 ce, TPM ɗin, wato ɗan sashen tsaron da Windows 11 ke nema, na cikinta, a kashe kawai yake. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin allon injin, lokacin da kwamfutar take tashi, yawanci da Delete ko F2, ka nemi inda aka rubuta PTT ka kunna, masu AMD su kuma fTPM ake ce masa. In ka dawo ka rubuta tpm.msc a wannan akwatin na Windows da R, za ka ga 2.0.

Secure Boot ɗin, wato tsaron da ke tantance abin da ke tashi da kwamfuta, shi ne ke da ɗan tarko. Rubuta msinfo32 ka duba layin BIOS Mode, in ka ga UEFI shi ke nan hanya a buɗe take. In ka ga Legacy to tsaya, had dis ɗinka na kan tsohon tsari ne na MBR, in ka je ka juya BIOS kai tsaye Windows ba zai tashi ba sai baƙin allo, ka zo kana cewa mu muka sa ka. Sai an fara juya shi zuwa GPT da wata 'yar manhaja da ke cikin Windows 10 mai suna mbr2gpt, sannan a koma BIOS a kashe CSM. Ba ta goge kaya amma ni ban taɓa yi ba tare da kwafe kayana gefe ba. In kuma BitLocker, makullin had dis na Windows, na kunne ka rubuta lambar buɗe shi mai lamba 48 a takarda kafin ka taɓa BIOS.

Gudu kuwa, kar ka sa rai. A injinka bambancin 10 da 11 ba abin da ido zai gani ba ne, waɗanda ke cin riba sosai su ne masu Intel janareshin ta 12 zuwa sama, don Windows 11 ya fi sanin yadda ake raba aiki tsakanin manyan ƙwayoyinsu da ƙanana. Kai dalilinka na komawa tsaro ne, ballantana mai harkar kuɗi. Bayan ka koma ka sauko da direban NVIDIA sabo daga shafinsu, ka duba saitin joyistik ɗinka, wato sandar tuƙin, sannan kar ka goge foldar Windows.old sai kwana 10 sun wuce, a cikinsu ne kake da damar komawa 10 in wani abu ya ƙi.

Na san tambayar da ke biye, na 2024 fa? Ya fito 19 ga Nuwamba 2024, kuma injinka ya haye mafi ƙarancin abin da yake nema, ram 16 da kati mai gig 4. Amma shi kusan komai daga intanet yake janyowa kana cikin tafiya, shi ya sa wurin da yake nema a had dis gig 50 ne kawai, sun rubuta 10 Mbps a matsayin ƙarshen ƙasa, 50 a matsayin wanda ya dace. Kai ka san netwok ɗin unguwarku da ƙarfe tara na dare. Zauna a na 2020 ɗinka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, dana ne dan shekara 15 babansa ya sai masa kwamfuta mai tsada, tunda aka sa masa sabon Windows da wannan wasan jirgin data bata kwana uku a gidan nan, har ta wayata yake jona. Shi yace karatu yake ba wasa ba. Gaskiya ne ko wayo yake min? Kuma ya zanyi da datar? Daga wata uwa, Layout, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ɓarayin datar biyu ne kuma duk ana iya ɗaure su. Na farko Windows ɗin kansa, sabo in aka sa shi yini yake yana janyo ofdet ba sallama. A shiga Settings, wajen Network, a taɓa sunan wayar ko na'urar da ake jonawa, a kunna Metered connection, wato an gaya masa datar nan ta awo ce ya taka a hankali. Na biyu wasan. Saukar da shi na farko kaɗai ya haura gig 100, a Turai da aka sayar da shi a kwali faifan DVD 10 ne a ciki, kuma bayan nan duk inda yaro ya bi da jirgi hoton ƙasar daga taswirar Bing ake turo masa, don duniyar da suka tara ta kai petabait 2, wato gig miliyan biyu, ba kwamfutar gidan da za ta ɗauke ta. A cikin saitin wasan akwai shafin Data, a nan zai iya sa iyakar gig ɗin da ba za a wuce ba, ya kashe Photogrammetry, wato mai nuno gine-gine yadda suke a zahiri, tunda dama manyan biranen waje aka yi wa, ya kunna Rolling cache ya ba shi ko gig 20, yadda in ya bi wuri sau ɗaya ba sai an sake saukowa da shi ba. In kullum Katsina zuwa Kano yake yi, datar za ta ragu sosai. Wanda yau yana Dubai gobe Landan jibi Tokyo shi ke cinye ta.

Karatu ne ko wasa? Duka biyun, ya danganta da yadda yake yi. Ga jarabawar da za ki masa, ba sai kin san komai ba. Ki ce ya ɗauki ƙaramin jirgin nan Cessna 172, ya rubuta DNKT, lambar filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua ke nan, ya kai ki DNKN wato filin Malam Aminu Kano, tafiyar wajen minti 40 ce, ki ja kujera ki zauna gefensa. Za ki ga titunan gari daga sama don hoton tauraron ɗan'adam ne, sai dai gine-ginen kwamfuta ce ta ƙiyasta su, kar ki tsaya neman hasumiyar Gobarau yadda kika san ta. Ki tambaye shi wannan agogon na mene ne, wancan fa, ƙafa nawa muke a sama, ta ina ka san Kano na gabanmu. In yana amsawa, kuma ya sauka a kan titin jirgi ba cikin gonar mutane ba, to yana koyon wani abu. In kuwa daga kunnawa ya ɗauko jirgin yaƙi yana wulƙawa tsakanin benaye, Hajiya wasa ne, a sa masa lokaci.

Amma ya sani awoyin ɗaki ba sa shiga lissafin lasisi. Lasisin farko na tuƙin ƙaramin jirgi sai mutum ya kai shekara 17, ya yi aƙalla awa 40 a jirgin gaske, ya ci gwajin lafiya har da na ido, a Najeriya kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ke bayarwa. Makarantar da aka fi sani ita ce kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Turanci da lissafi da fiziks su za a fara tambayarsa, don da Turanci ake magana da hasumiyar filin jirgi a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa. Yana da shekara biyu a gaba, ki ce na ce in sakamakon zangon nan ya yi kyau babansa ya ƙara masa da joyistik, ko Logitech Extreme 3D Pro ne, don da kibod ba a koyon sauka, ko dai ka danna da yawa ko ka saki da yawa.

Wanda ya turo tambaya a kan X-Plane 12 a MacBook, da mai son sanin yadda ake shiga VATSIM, dandalin intanet na masu tuƙi a kwamfuta, a yi magana da mutane na gaske masu ba da umarni, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Mai MacBook ɗin kafin nan ka sauko da na gwajin daga shafinsu, kyauta ne, yana barin ka tuƙa minti 15, ka rubuto min yadda ta yi da kuma ko ta ɗau zafi.